Alhaji Zakiru da Silifas a Birnin Rum

Alhaji Zakiru mutumin Fagge ne, amma ya daɗe a Libreville ta ƙasar Gabon har ya saba da ruwan saman da ba ya sallama kafin ya sauko. Shagonsa na takalma yana unguwar Louis, tsakanin wani kantin magani da gidan abincin wasu 'yan Kamaru. Takalman Italiya yake sayar wa ma'aikatan ofis masu son a ji ƙwas-ƙwas idan sun shigo. Shi kansa bai taɓa ganin Italiya ba, a hannun wani ɗan Labanan yake sarowa. Rannan ya ce ya gaji da cin ragowar riba, zai je gindin abin da kansa.

Matsalar ɗaya ce, harshe. Faransancinsa na kasuwa ne, Italiyanci kuwa ko sannu bai sani ba. Sai matarsa Saadatou ta ce, "Alhaji, ga Nazira zaune. Ba Italiyancin aka koya mata a lise, makarantarsu ta sakandare, ba?"

Nazira 'yarsu ce ta biyu, haifaffiyar Gabon. Ta gama makaranta tana taya shi zaman shago, ko kuma a ce tana zaune a shago tana zane-zanen gidaje a bayan kwalayen takalma. Ta sha gaya masa aikin zanen gini take so, shi kuma ya ce gini aikin maza ne masu ɗaukar siminti.

Suka sauka birnin Rum a watan Janairu na 1994, cikin sanyin da ya sa Alhaji ya ɗora kwat a kan babbar riga. Kuɗin sarin ya bar su a banki, a kan za a turo masa. Washegari da hantsi ya buga waya gida daga masauki, sai Saadatou ta ɗauka.

"Alhaji, an karya sefa. Rediyo tun asuba maganar ke nan. Sun ce an raba darajarta biyu, banki kuma ya dakatar da tura kuɗi waje."

Ya ajiye waya ya zauna a bakin gado, ya yi ta salati. Sari dai babu shi. Jirgin komawa kuma sai mako mai zuwa. Ranar nan bai fita ba, ya ja bargo ya juya wa duniya baya.

Kashegari Nazira ta shigo da taswirar gari a hannu.

"Baba, kwanciya ba za ta ɗinke sefa ba. Tunda Allah ya kawo mu, mu je mu ga garin."

"Me zan gani? Kango?"

"Kangon da duniya take biyan jirgi ta zo kallo. Mu ga shi mun riga mun biya."

Wannan magana ta shige shi, don Alhaji ba ya son asarar abin da aka riga aka biya. Ya sa takalminsa mafi tsada, baƙi mai tsinin baki, irin wanda yake rantse wa masu saye cewa ƙafa ba ta sanin tana ciki, suka fita.

Titunan Rum da ƙananan duwatsu aka shimfiɗa su. Kafin su isa Kolize, tsohon filin wasan Rumawa, takalmin ya sale masa diddige biyu. Yana ɗingishi yana cije leɓe, Nazira tana danne dariya.

"Baba, ba ka ce ƙafa ba ta sanin tana ciki ba?"

"A ofis na ce. Ban ce a kan dutse ba."

Da suka sha kwana ginin ya bayyana a gabansu, sai ya manta da ƙafa. Ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa. Hawa a kan hawa, ƙofofi masu lanƙwasa a jere, gefe guda ya zube, sauran yana tsaye kamar jiya aka bar shi. A ciki kyanwoyi suna shan hantsi a kan duwatsu. Nazira ta gaya masa a nan ake haɗa mutane faɗa da zakuna, jama'a suna kallo.

"Subhanallahi," in ji shi. "Su yi wannan aiki duka don a cinye mutum?" Ya shafa bango, ya sake duban lanƙwasar ƙofar da ke kansu. "To me ya riƙe wannan? Ban ga azara ba, ban ga ƙarfe ba."

Nazira ta tsuguna ta tsinci tsakuwa ta fara zana masa a ƙasa. Kowane dutse yana jingine da ɗan'uwansa, in ji ta, na tsakiya can sama shi ya datse su, nauyin da ya kamata ya rushe su shi yake ƙara matse su. Tana magana hannunta yana tafiya, ba ta ko duban fuskarsa. Shi kuwa ita yake kallo. Bai taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka da Hausa ba tare da ta tsere cikin Faransanci ba.

"Ai bakan gizo ne," ya ce a hankali. "Soron kakana a Kano haka rufinsa yake, da ƙasa da azara. Ina yaro nakan kwanta in yi ta kallonsa."

"Baba, ba ka taɓa gaya mini ba!"

"Ba ki taɓa tambaya ba."

Daga ranar ya ajiye takalmin Italiya a ƙarƙashin gado. Ya sa safa biyu, ya zura silifas ɗinsa na alwala, shuɗi, ya ce wanda ya san shi a garin nan ya zo ya yi masa dariya. Haka dillalin takalman Louis ya zaga birnin Rum, fat-fat, babbar riga tana jan iska.

A wani dandali suka tarar da gumakan farin dutse, ƙarti tsirara. Alhaji ya kare ido da hannu. "A'uzubillahi. Mutanen da suka iya wannan gini, yadi ne ya gagare su?" A wurin ruwan Trevi, inda baƙi suke juya baya su jefa kwabo don wai su sake dawowa, Nazira ta miƙo hannu. Ya harare ta. "A makon da kuɗi ya karye ne zan zuba shi a ruwa? Allah ya kiyaye." Da aka kawo musu fiza ya gutsura ya tauna, ya ce gurasa ce aka yi wa kwalliya, sai dai babu ƙuli-ƙuli. Duk da haka ya cinye tasa ya taya Nazira tata.

Wani tsohon gini, Pantiyon, shi ne ya fi tsaya masa a rai. Da farko ya ƙi shiga da ya ji coci ne, sai ruwa ya tsuge, dole suka fake. Ciki kamar an kife ƙatuwar ƙwarya, a tsakiyar rufin kuma ga rami buɗe, ruwan sama yana zubowa ta nan zara-zara cikin haske.

"Kuɗinsu ne ya ƙare su ma?" ya tambaya.

Nazira ta yi dariya har wata tsohuwa ta juyo. Ta ce da gangan aka bar shi, shi ne tagar ɗakin, kuma ya rage wa rufin nauyi. Ta ja shi ta nuna masa 'yan hudojin da ke daɓen, inda ruwan yake shigewa. Alhaji ya tsaya da jiƙaƙƙiyar safa, yana bin ruwan da kallo.

Suka dawo Libreville da akwati ba kaya. Gari ya rikice. Farashin shinkafa da mai ya haura, ba a jima ba aka shiga yajin aiki, sojoji suka cika mararraba, aka hana fita da dare. Baƙi suka shiga taitayinsu, don ko'ina ana tambayar takardar zama. Alhaji ya garƙame shago ya zauna a gida a unguwar Alibandeng. Zaman ya ishe shi. Wata safiya ya dubi ƙofar gidansu, wadda tun da aka gina ta falle ne na kwano a kan katako biyu, ya ƙwala wa Nazira kira.

"Abin nan da kika zana mini a ƙasa. Zai yiwu da bulo?"

Maƙwabcinsu Saliou, magini ɗan Senegal, shi ma yana zaune ba aiki. Akwai ragowar bulo da siminti a bayan gida. Nazira ta zana, Saliou ya lanƙwasa katako ya yi musu madogari, Alhaji da kansa ya naɗe hannun riga yana miƙa bulo. Na farko, gaggawar Alhaji ta sa aka zare katakon tun siminti bai kama ba, abin ya rufto rugum, kaji suka watse. Saadatou ta fito da ludayi a hannu ta ce, "To, ga kangon Rum ya biyo ku gida." Na biyu suka yi haƙuri. Da aka zare katako, baka ya tsaya cak. Saliou ya hau kansa ya yi tsalle, bai motsa ba.

Suna cikin shafe da la'asar sai ga jandarmomi biyu suna bi gida-gida. Takardun Alhaji cikakku ne. Ya shiga ya ɗauko. Babban cikinsu, wani mai furfura a gemu, ya duba ya mayar masa, amma bai tafi ba. Ya ja da baya yana kallon ƙofar, ya shiga ta ƙarƙashinta ya fito, ya ƙwanƙwasa da yatsa.

"Wa ya yi wannan?" ya tambaya da Faransanci.

Saliou ya nuna Nazira, wadda siminti ya ɓata wa gyale.

Jandarman ya ce yana gina wa tsohuwarsa ɗan gida a hanyar garin Ntoum, kuma irin wannan ƙofar yake so a baranda. Ko za ta zo ta duba wurin idan gari ya lafa?

Nazira ta dubi mahaifinta. Alhaji Zakiru ya gyara hula, ya tattaro Faransancinsa na kasuwa.

"Za ta zo," ya ce. "Ranar Asabar. Ni zan kawo ta."