Benen Dikore a Bakin Kogi

A cikin maginan birnin Jenne babu wanda ya daɗe yana koyo kamar Bokari Nientawo. Ya fara da kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayin shinkafa a hannun Baba Sarmoyi, ya koma jera tubali, ya iya ɗora azara, har ya yi aure ya haifi 'ya'ya, amma tsohon bai taɓa sakar masa gini shi kaɗai ba. Sa'o'insa duk sun zama masu gidan kansu. In suka haɗu wurin shayi sai su ce, "Ɗan Baba, an bar ka ka fito yau?"

Wata rana Dikore, mai fataucin busasshen kifi, ta zo tana son a yi mata bene a wani fili nata da ke bakin kogi, matsattse, karkatacce. Baba Sarmoyi ya gama saurarenta, ya nuna Bokari da haɓa.

"Shi zai yi miki."

"Wannan?" in ji Dikore. "Baba, ni fa gida nake so, ba akurkin kaji ba."

"In ya rushe, ki zo ki kwashe nawa."

Da safe Bokari ya je filin, ya yi ta zagaye yana duban inda rana ke faɗawa da inda iskar kogi ke shigowa. Sannan ya ja layin ɗakuna da ƙafarsa a ƙasa. Bai yi faɗa da karkatar filin ba, sai ya bi ta, ya lanƙwasa matakala a cikinta. Dikore kuwa kullum tana nan da kujerarta.

"Wannan tagar ta ɓera ce?"

"Inna, bari zafi ya zo, ki sake tambayata."

Baba Sarmoyi bai leƙo ko sau ɗaya ba.

An gama yaɓe, damina ta sauka da ƙarfi. Ruwa ya kwashe katangar maƙwabta biyu. Bokari ya tsaya cikin ruwan, jiƙe sharkaf, yana kallon yadda indararonsa ke watsa ruwa can nesa da bango.

Da rana ta fito, dattawan magina suka zo, Baba Sarmoyi a gaba da sandarsa. Ya shafa bango, ya hau matakala a hankali, ya buga dunduniya a soro. Ko ɗigo babu. Ya tsaya jikin 'yar tagar nan, iska na kaɗa masa gemu. Can ya juyo, ya kama hannun Bokari ya ɗaga shi a gaban kowa.

"Ku shaida. Daga yau kada wanda ya sake ce masa yarona. Abokin aikina ne."

Bokari ya durƙusa a gabansa don godiya. Daga ƙasa matarsa ta rangaɗa guɗa, matan unguwa suka karɓa.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan da katangarsu ta faɗi ya kutso yana cewa, "Gwani, gobe sai gidana."

Dikore ta tare shi da faifai a hannu. "Kai, bi layi! Maginin gidanmu ne. Sai ya gama mini ɗakin kifi tukuna."