'Yar Wushirya da Kujerar Babanta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce, babanta kafinta ne, ya rasu tun tana budurwa. Gadajen da ya yi da ƙofofin, gara da damina sun cinye su kaf. Kujera ɗaya tal ta rage mata, ita ma wata rana ƙafarta ɗaya ta karye. Jikarta ta kira wani kafinta mai furfura. Ya juya kujerar, ya danna yatsa, katakon ya zube kamar gari.

"Iya, wannan sai haƙuri. Sabuwa zan yi miki."

"Kin gani ko, tsohuwa?" in ji jikar. "Kujerar ma ta riga ki gajiya."

Tsohuwa ko murmushi ba ta yi ba. A ranta tana cewa shi ke nan, yau babanta ya gama barin duniya.

Kafinta ya zauna a tsakar gida, ya ɗauki guduma. Yana bugu yana rerawa, kowane layi da bugunsa:

"'Yar wushirya, matso kusa,
Riƙe min ƙusa, kar ki ƙosa,
Guduma na sama, guduma na ƙasa,
Babanki na nan, ba ya nisa."

Tsohuwa ta tuna da yarintarta a gaban babanta. Sai ga ƙamshin katako, ga ta 'yar mitsitsiya, ƙusoshi cike da tafinta.

"Malam, wa ya ba ka wannan waƙa?"

"Maigidana. Shi ma wurin nasa maigidan ya ji. Da ita muke koya wa sababbin hannu bugu, don kada su yi gaggawa su lanƙwasa ƙusa. Wanda ya yi ta dai, Allah kaɗai ya sani."

"Ni ma na sani," in ji ta. "Babana ne. Ni ce mai riƙe ƙusar."

Ta buɗe baki ta nuna masa dasashi, babu haƙori ko ɗaya, balle wushirya. Kafinta ya ajiye guduma, ya daɗe yana kallonta, sannan ya zuba mata ƙusoshi a tafi.

"To Iya, riƙe min."

Tsohuwar kujera ta tafi murhu. Tsohuwa ta zauna a sabuwar har ƙarshen kwananta. Jikar tana yi wa 'yarta waƙar, kafinta kuma yanzu yakan gaya wa masu koyo ko 'yar wushiryar nan 'yar waye.