Rabin Kitso a Tsamiya Biyu

Ranar da aka sa bikin Sagir, akwai mutum biyu da suka fi ango murna a gidan nan na Ƙofar 'Yandaka: yayansa Mahmud da matar yayan, Ramla. Ɗakin da suke ciki shi za a gyara wa amarya, su kuma su fita su kama haya. Wata matar da sai ta ɓata rai an ce ta tashi. Ramla kuwa guɗa ce kawai ba ta yi ba, saboda kunyar surukarta. Shekara takwas ke nan tana zaune a gidan mutum ashirin da wani abu, inda sai ka yi sammako kafin ka samu igiyar shanya. Kafin a samu gida har ta sayi labule ruwan zuma, ta ɓoye a ƙasan akwati, takan ciro shi ta duba in ba kowa a ɗakin.

Abu ɗaya ne ke rage mata zaƙin murnar, wato 'yarsu Halimatus Sa'adiyya, mai shekara shida, wadda kowa ke kira Sa'adiyya. Ƙarfe ɗaya ake tashinsu daga makaranta. Ramla ma'aikaciyar jinya ce, ba ta barin asibiti sai la'asar. Mahmud kuma yana tsaron shagon atamfa a Babbar Kasuwa har magariba. A babban gida ba wanda ya taɓa tunanin waɗannan sa'o'i uku. Yarinya za ta jefa jakarta a ɗakin kakarta Inna Hajo, ta leƙa ta ga tukunyar wa aka fara saukewa, can za ta ci. To a sabon gida wa zai buɗe mata ƙofa?

Inna Hajo ta riga ta yanke nata hukuncin. "Ku tahi ku kaɗai," in ji ta. "Ku bar mani ɗiyata nan, kun zo ku gan ta ran Juma'a."

Ramla ta sunkuyar da kai ta ce to. Tana ƙaunar tsohuwar, ba ta kuma da bakin yi mata musu. Sai dai gidan da za ta shiga ba Sa'adiyya, ai gara ma ta ci gaba da layin igiyar shanya. Da suka koma ɗaki ta ce wa mijinta, "Malam, ni ba tayil nike nema ba, ba silin mai ado ba. Ka samo mamu unguwa mai mutane, mai yara, inda in na ce ma Inna akwai masu riƙe mani ita ba ƙarya na yi ba."

Mahmud ya buga ƙirji ya ce ta ɗauka an gama.

Ran Asabar ya bi dillali, wani mai suna Malam Gwadabe, wanda bai taɓa ganin gidan da ba shi da kyau ba tun da ya fara sana'ar. Kafin magariba Mahmud ya dawo bakinsa har kunne, ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara zuba.

"Ramla, Allah ya yi! Can hanyar Daura. Ɗaki biyu da falo, ga famfo, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Unguwar kau, ke! Yara kamar an zazzage buhu. Mata na ta shige da fice. Har waina aka miƙo mani ina tsaye, ban san kowa ba. Kin san Alhaji Dabo na Gobarau? Har shi na gani zamne ƙofar wani gida. Ashe duk mutanen cikin gari can suka koma ba mu da labari!"

Ramla ta kama hannun Sa'adiyya suka yi ta juyi a tsakar ɗaki. A ranar ta ciro labulen ta nuna masa, shi ma bai tambayi yaushe aka saya ba.

Talata ce ranar hutunta. Suka jira Sa'adiyya ta taso daga makaranta, suka hau babur su uku, Gwadabe na gaba a kan nasa. Tun a hanya Ramla ke tsara inda za ta sa gado da inda za ta kafa murhu. Da suka karya kwanar layin sai maganar ta maƙale. Katangu ne dogaye hagu da dama, kowace da waya a kanta, ƙofofin ƙarfe a rufe ruf. Ko akuya babu. Ƙarar babur ɗinsu ce kawai ke dawo musu.

"Malam, ina yaran?"

"Halan suna makaranta."

"Ƙarfe biyu da rabi?"

Mahmud ya sauka yana waige-waige kamar wanda aka sace wa unguwa. Can suka hango wani mai gadi a inuwa yana jin rediyo. Bayan doguwar gaisuwa Mahmud ya tambaye shi ina mutanen da ya gani ran Asabar.

"Au, ran suna? Ai matar mai gidan can ce ta haihu. Danginta ne daga cikin gari, mota uku aka yo. Tun da aka yi isha'i suka watse."

Ramla ta dubi mijinta, ta dubi katangun, sai dariya ta ƙwace mata har da riƙe ciki. Ba za a ga laifin Mahmud sosai ba. Mutumin da ya tashi a lungun da kullum a cike yake, inda ko ba biki ana miƙo maka abinci ta kan katanga, ina zai san cewa a wasu wuraren sai an raba goron gayyata kafin a ga mutum goma a layi ɗaya? Ya ga taro ya ɗauka zaman yau da kullum ne. Gwadabe kuwa ko a jikinsa, cewa ya yi ai shirun ma wani abu ne, masu kuɗi saye suke yi.

Daga nan aka shiga yawo. Duk ranar da Ramla ta samu sarari sai su bi Gwadabe, kuma duk fitowa da sabon ɗoki take fitowa. Sun ga wani gida a bakin babban titi, mai arha da fili, amma suna tsaye tifa uku suka wuce har tagogi na rawa, Ramla ta damƙe hannun 'yarta ba ta saki ba sai da suka bar wurin. Sun ga wani mai kyau wanda alamar ruwan damina ta kai gwiwa a jikin bangonsa, Gwadabe ya rantse zanen fenti ne. Wanda ya kwanta mata a rai kuwa, da aka faɗi abin da ake biya, Mahmud hularsa kawai ya gyara ya nufi babur.

A gida kuma lokaci na ta ƙurewa. Masu fenti sun zo sun auna ɗakin. An ce saura kwana tara dangin amarya su zo jere. Inna Hajo har ta sa an shigar da wata 'yar katifa ɗakinta, ta shimfiɗa mata sabon zanen gado mai furanni. Ramla ta gani ta yaba, ta shiga banɗaki ta share hawaye.

Talatar ƙarshe Gwadabe ya zo yana sosa ƙeya. "Akwai wani guda, amma ban so in kai ku ba. Can bayan hanyar Mani, wurin da ake ce ma Tsamiya Biyu. Mutanen ƙauye ne suka yi yawa, 'yan kabu-kabu da leburori da masu tura ruwa. Ba ajinku ba ne, Hajiya."

Ramla ba ta je Makka ba, amma Gwadabe kan ba kowa hajji in yana son ciniki. Maganarsa kuma ta taɓa wani wuri a zuciyarta, don gaskiya tana da ɗan jin kai irin na 'yan cikin ganuwa. Kakanninta a Gobarau aka binne su. Ta ce a je dai a gani, tunda an fito.

Kwalta ta ƙare tun kafin su isa. Suka bi jar ƙasa, suka wuce makarantar firamare da wani ƙaramin masallaci mai famfon burtsatse a gabansa, 'yan mata sun yi layi da bokitai suna ta surutu. Gidan na bulo ne, ba a yi masa shafe ta waje ba. Ɗaki biyu, ɗan tsakar gida, da bishiyar zogale guda a kusurwa. Ramla ta shiga tana ɗage hanci. Ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki ta ji katakon, ta leƙa madafa, ta auna tagar da hannu ta ga labulenta zai yi mata yawa. Mahmud da Gwadabe suka tsaya jayayya a kan wa zai gyara rufin banɗaki. Ita kuma ta shagala da lissafin inda rana ke faɗowa da safe, don shanya.

Sai da ta juyo za ta ce wa Sa'adiyya ta zo ta ga ɗakinta, ta ga ba Sa'adiyya.

"Malam, ina yarinyar nan?"

"Ba tana wurinki ba?"

Ramla ta leƙa ɗakunan biyu, babu ita. Ta fita da gudu, mayafi na jan ƙasa. Layin ba kowa sai kaji da wani tsoho yana gyaran tayar amalanke. Ta ƙwala kira sau biyu. Duk labaran ɓatan yara da ta taɓa ji suka taso mata lokaci guda, ta fara zagin kanta da ta yarda aka kawo ta wannan jeji.

Tsohon ya ɗago kai a natse. "Wata 'yar fara mai jan takalmi? Tana gidan Ɗanjuma. Ga shi nan, mai ƙofar langa-langa."

Ko sallamar kirki ba ta yi ba ta faɗa gidan. A tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kara, yara ne sun kai bakwai sun kewaye faranti ɗaya na ɗanwake, wasu da kayan makaranta a jikinsu, kuma kallo ɗaya za ka san ba uwa ɗaya ta haife su ba. Jakunkunansu na rataye a jere a jikin ƙusoshi. Gefe guda wata mata ce baƙa, kakkaura, zaune a kan kujera 'yar tsugune. Sa'adiyya na zaune tsakanin ƙafafunta, baki duk mai da yaji, an cire mata ɗankwali, an tsefe kan tas, har an kama kitso a gefen dama.

"Umma, ɗanwake!" in ji Sa'adiyya, ko motsi ba ta yi ba.

Matar ta dubi Ramla sama da ƙasa, hannunta bai bar aiki ba. "Ke ce uwarta? Sannu da zuwa, an wuni lahiya? Baiwar Allah, wa ya yi ma ɗiyar nan wancan kitson?"

Ramla ta dubi kan 'yarta. Ita ta yi shi da kanta, a gurguje, yau kwana goma sha biyu. Hannun da ke samun jijiyar jariri da allura a tashi ɗaya bai taɓa iya raba gashi daidai ba, kuma a babban gida kowa ya sani, kara kawai ake yi mata.

"Ni ce," ta ce a hankali.

"Tau, Allah shi kyauta. Zamna ga tabarma nan. Ni ce Talatu."

Ramla ta zauna. Ta tambayi yaran na waye. Talatu ta riƙa nuna su da tsinken kitso: biyu nata, wannan uwarsa na sayar da awara a tasha, waɗancan tasu na aikatau a cikin gari, wannan kuma tasa ta tafi awo asibiti. Duk wadda za ta fita sai ta aiko da ɗan garinta ko wakenta da safe, yara in sun taso nan suke yada zango har iyaye su dawo. Ranar da Talatu ke da unguwa, gidan wata maƙwabciya da ke kusa da masallaci ake komawa.

"Ita wannan na gan ta tsaye bakin ƙofa tana kallon faranti," in ji Talatu. "Mi zan tsaya tambaya? Na ce ta wanke hannu."

Ramla ta dubi jakunkunan da ke rataye a jere. Kunya ta kama ta ta ɗage hancin da ta shigo da shi, farin ciki kuma ya rufe kunyar har ta rasa wanne za ta fara ji. Daga waje ta jiyo sallamar Mahmud, murya a firgice, yana tambaya ko an ga yarinya. Ta ɗaga murya ta ce an gan ta, ya tsayar da Malam Gwadabe kada ya tafi.

Aka kira la'asar. Talatu ta ɗaure jelar kitson da ke hannunta, ta soke tsinken a nata kan, ta ɗaura wa Sa'adiyya ɗankwali. Gefen dama ya kwanta luf-luf, gefen hagu kuwa yana nan tsaye buzu-buzu.

"Zan ɗora tukunyar dare. Sauran rabin sai gobe in ta taso makaranta."

"Ai ba mu tare ba tukuna," in ji Ramla. "Gidan ma yau muka fara ganin shi."

Talatu ta miƙe tana kakkaɓe zane, ta dube ta da mamaki.

"Tau ku hanzarta mana. Ɗiya mace ba ta yawo da rabin kai."