Randunan Tasalla

Kwana biyar Bushira tana kwance, gaɓoɓi kamar ana sara su da gatari. Uwarta Tasalla ta ba ta maganin maleriya har ya ƙare, zazzaɓi bai ko gezau ba. Ran na shida dasashinta ya fara jini.

Da hantsi Comfort, ma'aikaciyar lafiya da ke zagayen ƙauyukan Kakangi, ta shigo gidan. Ta duba yarinyar, ta tsaga mata yatsa ta gwada jinin, ta ce ba maleriya ba ce. Alamun na zazzaɓin dengi ne, sauro ke kawo shi.

"Wane sauro?" in ji Tasalla. "Ku kuka ce mu kwana cikin gidan sauro. Muna kwana a ciki, zafi na dafa mu kamar dambu!"

"Mama, wannan da rana yake cizo. Kuma ba kwata yake so ba, ruwa mai tsabta yake bi."

Comfort ta nufi randuna huɗu da ke jere a inuwar rumbu, ta leƙa. Ta yafito Tasalla. Ga ƙananan tsutsotsi nan suna wutsil-wutsil a ciki.

"Sai a zubar, a goge randunan. In ba haka ba, ke ma kwanciya za ki yi."

Tun da rijiyar gari ta ƙafe, sai rafin bakin daji. Sau ɗaya a mako mata ke zuwa, 'yan sa-kai gaba da baya da bindigogin toka. Wancan watan a can 'yan bindiga suka ɗauke matar maƙwabcinsu Labaran da tulunta a ka.

"A zubar? Malama, kin san kuɗin ruwan nan? Rai ne! Ke famfo kike murɗawa a Birni. Kun hana mu gona, ko in ce kun kasa tsare mana ita, yanzu ɗan ruwan ma ya zama laifi?"

"Ni ban hana ku komai ba, Mama."

"To wa zan zaga? Ke ce a gabana."

Daga ɗaki Bushira ta yi nishi, tana neman ruwa.

Tasalla ta tsaya cik. Can ta fizge mayafinta, ta ninka biyu, ta ɗaure bakin bokiti da shi.

"Riƙe min. Ɗigo ɗaya ba zai taɓa ƙasa ba."

Suka tace randa ɗaya bayan ɗaya, tsutsotsi na taruwa a kan mayafi. Bokiti da tukwanen gidan suka cika, randa ta huɗu ba ta sami mazubi ba. Tasalla ta daɗe tana kallonta, sannan ta sa ƙafa ta ture ta da kanta.

"Ranar Talata ke nan sai na koma rafi," ta ce. "Ki faɗa wa waɗanda suka aiko ki."