Furar Inna Habsatu

Lawwali mai shayi a bakin iyakar Jibiya bai taɓa mayar da abinci ba a rayuwarsa, sai da tukunyar tafasasshen ruwa ta kife masa a cinyoyi. Kwanansa tara a asibiti, kullum kunu kamar mai jego.

Tun ranar farko likita ya ja masa kunne: babbar ƙuna ba a fata take tsayawa ba, har ƙwayoyin da ke gadin hanji take kashewa. "Yanzu cikinka iyaka ce da babu jami'i ko ɗaya. In ka sha abin da ba a tafasa ba, cuta ta wuce cikin jininka, to sai dai wani ba kai ba."

Lawwali na son ransa, ya kiyaye.

Ana haka sai ga surukarsa, Inna Habsatu, ta ƙetaro daga Maraɗi dubiya, ɗauke da fura da ɗanyen nono da suka sha rana tun hantsi. Wa ya isa ya ce wa uwar matarsa a'a? Can ya tuna ba a ci a gaban suruka, ya sunkuyar da kai yana sa wa kunya albarka.

"Na san halin ɗiyan kirki," in ji ta. "Bari in hita waje ka sha hurarka. In na dawo in iske ƙwarya wayam."

Taga ta yi nisa, ƙafa ba ta takuwa. Abin da hannunsa ya kai gare shi kawai shi ne fo ɗin bayan gida da ke ƙarƙashin gado. Ya juye furar a ciki yana ƙwalla, don har ƙamshin citta take yi.

Nas ta zo ɗaukar fo, ta leƙa, ta ƙwala ihu wai hanjin Lawwali ya narke. Likita ya rugo, ya duba, ya shinshina, ya harare shi. Lawwali ya haɗa hannu yana nuna ƙofa da ido, inda surukarsa ke jira a waje.

"Bar ni da ita," in ji likita, ya fita fuska a murtuke.

Shiru, shiru. Can ya dawo yana goge farin abu a gashin baki, ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Ashe da ƙwarya biyu ta zo," ya ce. "Ta ce gobe ma za ta kawo mana."