Shayin da Na Shanya a Rana

Duk unguwarmu ta Tandabawi babu matar da za ta ce ta taɓa jin hayaƙi a girkina. Ni Zinariya, shekara ashirin ina hura gawayi a Makka, kuma a gidanmu na Kano aka koya mini cewa abincin da hayaƙi ya kama abin kunyar mai girki ne. Da wannan na girma, da shi nake taƙama.

A hajjin shekarar 1385 bayan hijira mijina Ɗanjuma, mai ɗaukar tsofaffi a makara suna ɗawafi, ya ɗauki wani dattijo ɗan ƙasar Sin, Alhaji Yunus, da ya daɗe zaune a unguwar Zahir shi kaɗai. Jininsu ya haɗu. Bayan sallah dattijon ya aiko da wani gwangwanin shayi, ya ce na ƙasarsu ne, shi ne na ƙarshe da ya rage masa, kuma ranar Juma'a bayan la'asar zai zo a dafa masa a gidanmu.

Ran Talata na ce bari in gwada. Ina zuba ruwa sai ƙaurin hayaƙi ya bugi hancina. Na zagi gawayin, na wanke buta da toka, na sake. Haka dai. Sai da na shinshina ganyen na gane daga gwangwanin ne. Tausayi ya kama ni. Na ce bawan Allah ba shi da mace, ya ajiye shayinsa kusa da murhu ya lalace bai sani ba. Rufin asirin baƙo kuwa aikin uwar gida ne, ko Ɗanjuma ban gaya wa ba. Na baza ganyen a faifai, na shanya a saman soro kwana uku. Ranar Juma'a na tafasa shi da kanumfari da citta da na'ana'a, na zuba sukari ba tausayi.

Alhaji Yunus ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin. Ina bayan labule na ji ya ce da Larabcinsa mai tsalle-tsalle: "Ya Hajja, fen dukhan? Ina hayaƙin?"

Da alfahari na ce na cire masa shi. Sai ya bayyana wa Ɗanjuma cewa da gangan ake busar da wannan ganye a kan hayaƙin wani itace mai ƙaro na duwatsun ƙasarsu. Shekara goma sha shida rabonsa da gida, ba shi da hanyar komawa, kuma wannan ƙaurin shi ne abin da ya rage masa na can.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na koma madafa ina zazzage gwangwanin kamar mahaukaciya, sai ga ɗan ganye maƙale a ƙasa, bai fi cokali biyu ba. Na ce Ɗanjuma ya tambayo mini yadda ake yi, kada ya bar ko kalma. Ba a tafasa ganyen a wuta. Ruwa ake saukewa a zuba a kai, a rufe, a jira kamar tsawon raka'a biyu. Ba sukari, ba kayan ƙamshi, sai dabino a gefe. Na yi hakan daidai. Da na ɗanɗana ɗigon da ya rage, bakina ya ce mini wannan abu kilishi yake nema, na yago na ɗora a faranti.

Dattijon ya riƙe kofin da hannu biyu, ya daɗe yana shaƙa kafin ya sha. Ya gutsuri kilishin, ya sake kurɓa. Ta gefen labule na ga hawaye na bin gemunsa.

"Mahaifiyata ma da busasshen nama take ba mu," in ji shi. "Ya Hajja, wa ya gaya miki?"

Na ce masa babu wanda ya gaya mini, girki ne aikina.