Ganuwar Hannun Hagu

Emlyn ne ke gyaran hanyar tipa a ramin fasa dutsen Moel Garw tun kafin furfura ta fito mini. Ni direban tipa ne, shi kuwa gireda yake tuƙawa. Hanyar tana saukowa daga bakin rami zuwa injin niƙa a murɗe kamar hanjin tunkiya, gefe ɗaya jikin dutse, ɗaya gefen kwazazzabon da in ka jefa tsakuwa ba za ka ji faɗuwarta ba. Abin da ke tsakaninmu da lahira shi ne tudun ƙasa da duwatsu da aka jera a bakin hanya, wanda muke kira ganuwa. Doka ta ce tsayinta ya kai rabin tayar babbar tipa. Kula da ita aikin Emlyn ne.

Mun daɗe da sanin idonsa na hagu ya tafi. Ba wanda ya faɗa. A caban, bukkar da muke shan shayin rana, na ga yana juya kai kamar kaza in za ya duba wanda ya shigo. Sai muka riƙa ajiye masa kofi ta dama. Ƙa'idar caban kuwa tun zamanin kakanninmu ita ce, abin da aka gani a ciki ba ya hawa tudu zuwa ofis. Emlyn ba mata, ba ɗa. In an raba shi da giredar nan, an raba shi da dalilin tashi da safe.

Sai kamfani ya kawo Nesta, 'yar marigayi Gwynfor abokin aikinmu, wadda ta yi karatun safiyo. Duk wata takan tashi ɗan jirgi mara matuƙi ya ɗauki hoton hanyar, ta zuba a kwamfuta, manhaja ta auna faɗi da gangara da tsayin ganuwa, ta zana taswira. Inda ya dace da doka kore, inda ya saɓa ja.

Wata rana ta tsayar da ni a gindin sikelin awon motoci, ana yayyafi, ta juyo mini da allon.

"Kawu Tudur, me ka gani?"

"Na ga maciji mai zane. Ni karatuna bai wuce karanta lambar mota ba, 'yata."

"Kar ka yi mini wannan. Duba, ja, kore, ja, kore. Duk kwanar da aka sha, launi ya canza."

"Ruwan sama ne ke cinye ganuwar."

"Ruwan da ya san hagu da dama? Kawu Emlyn daga sama yake gyarowa zuwa ƙasa. Duk inda kwazazzabo ke damansa ganuwa lafiya lau. Inda yake hagunsa, bakin gireda na aske gindinta, tana zubewa. Taswirar kowane wata ta fi ta baya ja."

Na ce mata ban san komai ba. Ta ce ita ma ba ta san komai ba tukuna, amma rahoto za ya tafi wurin manaja ƙarshen wata, kuma ba ta iya shafa wa ja koren fenti. Yarinyar ba muguwa ba ce. A kafaɗar Emlyn ta fara kallon gasar karnukan kiwon tumaki.

Na kai maganar caban ranar da Emlyn ya tafi kasuwar dabbobi. Idwal mai katafila ya buga teburi har cokula suka yi tsalle.

"Kwamfuta tudu take so? Sai mu ba ta tudu! Ranar Asabar in kwaso duwatsu, Meirion ya zuba da tiparsa, mu ɗaga ganuwar har ta wuce kan manaja."

Na ce, "Idwal, duk abin da ya yi tsayi sai ya yi gindi. Ina za ka sa gindin? Baya rami ne."

"Ji tsohon nan! Kai da ba ka taɓa gina ko akurkin kaji ba."

"Na ga naka. Dila ma tausayinka ya ji."

Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, suka rinjaye ni. A caban in an rinjaye ka, shiru ya rage maka.

Sun yi aikin, kuma ya yi kyau a ido. Da Emlyn ya sauko ranar Litinin ya tsaya ya daɗe yana kallon sabuwar ganuwar, kansa a karkace. Sannan ya ci gaba da aikinsa.

Sai dai gindin ya ci hanya, kamar yadda na faɗa. Kafin ma jirgin Nesta ya tashi, Meirion yana saukowa da lodi a kwanar tsakiya ya haɗu da wata tipa tana hawa. Wurin da a da suke wuce juna ba ko rage gudu, ranar sai ƙarfe ya goga ƙarfe, madubi ya tarwatse, tayar Meirion ta hau sabbin duwatsun da ba su zauna ba, suka fara gangarawa ƙarƙashinsa. Motar ta tsaya a jirkice. Ya fito ta ɗaya ƙofar da rarrafe, ya zauna a taɓo ya yi amai. Matarsa Sioned na da tsohon ciki a lokacin.

Taswirar da ta biyo baya ta nuna ganuwa kore shar, faɗin hanya kuwa ja daga sama har ƙasa. Manaja ya rufe hanyar, ya ce ba tipar da za ta motsa sai an gano wanda ya taɓa ta da dalilinsa.

Muna zaune a caban, shayi ya huce, ba mai kallon wani, sai Nesta ta zo. Ba ta shigo ba, don ta san mutanen ofis ba sa tsallake dokin ƙofar nan. Ta tsaya a waje ruwa na dukanta.

Idwal ya ce, "Ni ne. Rubuta sunana. Na ga dama ne kawai."

"Za a tambaye ni me ya sa ka ga damar, Kawu Idwal."

"Ki ce tsufa ne."

Emlyn ya ajiye burodinsa. "Rufe mana baki, Idwal. Kai ko ƙarya ba ka iya ginawa da gindi." Ya juyo da kansa gaba ɗaya har ya samo Meirion. "Yaya Sioned?"

"Tana nan, Kawu."

"Ka gaishe ta." Sai ya dubi ƙofa. "'Yar Gwynfor, shigo daga ruwan nan. Injinki bai yi ƙarya ba. Ni ma na so in ga abin da yake gani."

Ya zaro makullin gireda daga aljihu, ya miƙa hannu zai ɗora a teburi. Teburin na hagunsa. Makullin ya wuce baki ya faɗi ƙasa, ya shiga laluben daɓe da ƙafa, alhali ga shi nan kusa da takalminsa kowa na gani. Mun saba yin kamar ba mu gani ba, har ba wanda ya iya sunkuyawa. Nesta ce ta tsallako dokin ƙofar ta ɗauka.

Yanzu wani ɗan kwangila daga garin Wrecsam ke gyaran hanyar, da gireda mai bin taswira da kanta. Gaskiya hanyar ba ta taɓa yin kyau haka ba. Kofin Emlyn na nan a kan kantar caban, ba mai shan shayi da shi, ba kuma mai iya jefarwa.

Nakan leƙa shi ran Lahadi bayan coci. Ya juya kujerarsa yadda tagar da ke kallon dutse za ta zo damansa. Kullum tambayarsa ɗaya.

"Tudur, kore ce?"

"Kore ce, Emlyn."

"Har kwanar tsakiya?"

"Har can."

Sai ya gyaɗa kai, ya ce in zuba wa kaina shayi, don shi yanzu yawanci teburi yake shayarwa.